Mayar da ikweshan mai wuya zuwa ikweshan ɗin zafi: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan su ne ke yawan fitowa daga bakin ɗaliban lissafi, fiziks da injiniyanci idan suka iso darasin da suke kira PDE, wato ikweshan ɗin da abin da ake nema a cikinsa yake sauyawa ta fuska fiye da ɗaya, misali da wuri da kuma lokaci. A rubutun nan u_t na nufin saurin sauyin u da lokaci, u_x gangararsa idan ka matsa gaba kaɗan, u_xx kuma lanƙwasarsa.

Mene ne ikweshan ɗin zafi, kuma me ya sa kowa ke son kai matsalarsa can?

Shi ne u_t = k u_xx. Ka cusa bakin sandar ƙarfe a garwashi ka riƙe ɗaya bakin. u shi ne zafin da ke kowane wuri a jikin sandar a kowane lokaci, k kuma lamba ce da ke nuna yadda ƙarfen yake saurin miƙa zafi gaba. Abin da ikweshan ɗin ke faɗi a sarari shi ne: wurin da ya fi maƙwabtansa zafi zai huce, wanda maƙwabtansa suka fi shi zai ɗauka, kuma saurin hakan gwargwadon tazarar da ke tsakaninsa da matsakaicinsu ne.

Bafaranshen nan Joseph Fourier ne ya gabatar da shi a Faris a 1807. Bai samu karɓuwa nan take ba, don Lagrange, wanda yake cikin manyan da suka duba aikin, bai yarda a ce ana iya rubuta kowane irin zane a matsayin tarin sin da cos ba. Sai a 1822 littafin Fourier kan zafi ya fito. Daga nan zuwa yau an fi shekara 200 ana nome gonar, har ba sauran kunyar da ba a bi ba. An san amsarsa a sanda mai iyaka, an san ta a sanda mara iyaka, an san yadda ake kai shi kwamfuta. Kuma ba zafi kaɗai yake bayyanawa ba. Adolf Fick ya same shi a 1855 wajen bazuwar gishiri a ruwa, William Thomson ya same shi wajen tafiyar saƙo a wayar tangarahu ta ƙarƙashin teku, Terzaghi ya same shi a 1925 wajen yadda laka ke lotsawa a ƙarƙashin gini, Theis kuma a 1935 wajen yadda ruwan ƙasa ke janyewa idan ana zuƙar rijiya. Wanda ya iya kai matsalarsa can ya sauka a gidan da aka riga aka kwashe tuwo.

Sauya haruffa ba ruɗin kai ba ne? Ai matsalar tana nan yadda take.

Tana nan, kuma haka ake so. Da ta sauya, da amsar wani abu dabam ka samo. Abin da ake yi shi ne a tuɓe mata abubuwan da ma'aunin da muka zaɓa ne ya ɗora mata. Wa ya ce dole a auna tsawo da mita, lokaci da daƙiƙa? Idan tsawon sandar L ne, ka sa x = Ly, ka sa t = (L²/k)τ. Da ka bi dokar sarƙa (chain rule), sai ikweshan ya koma u_τ = u_yy, y yana tsakanin 0 da 1. L ya ɓace, k ya ɓace. Allura da dogon ƙarfen jirgin ƙasa sun zama matsala guda, agogonsu ne kawai ya bambanta.

Me wannan L²/k ɗin yake gaya mini?

Yana gaya maka abin da mai gasa doya a bakin tasha ya sani da hannunsa. Idan ka ninka kaurin doyar sau biyu, lokacin da zafi zai kai cibiyarta zai ninka sau huɗu. Sau uku, sau tara. Shi ya sa ake shimfiɗa naman kilishi ya yi siriri kamar takarda, shi ya sa kuma ƙaton curin nama yake ƙonewa a waje cikinsa na jini.

Ga lambobi. k na jan ƙarfe ya kai kusan 1.1 × 10⁻⁴, na ruwa kuma kusan 1.4 × 10⁻⁷, duka a murabba'in mita cikin daƙiƙa. A tsawon santimita 10, L²/k na jan ƙarfe daƙiƙa 90 ne ko kusa da haka. Na ruwan da ba ya motsi kuwa kusan awa 20. Idan ka ga ruwan tukunya ya tafasa cikin minti goma, juyawar da yake yi ce ta ɗauki zafin, kuma wannan wani ikweshan ne dabam. Duk wannan ka same shi ba ka warware komai ba tukuna.

Ikweshan ɗina yana da ƙarin u_x da u. Ina zan kai su?

Kowannensu yana da ma'ana, kuma ma'anar ce ke nuna maganin.

Ɗauki u_t + c u_x = k u_xx. Ka zuba kofin shunin rini a kogi mai gudu da saurin c. Shunin yana bazuwa, kogin kuma yana tafiya da shi. Wanda ke tsaye a gaɓa yana ganin abu biyu a haɗe. Wanda ke cikin kwalekwalen da ruwa ke ja, bazuwa kaɗai yake gani. To ka shiga kwalekwalen: ξ = x − ct. Sai u_t ya zama w_t − c w_ξ, u_x ya zama w_ξ, ɓangarorin c su cinye juna, a bar w_t = k w_ξξ.

Idan kuma −λu ne a ƙarshe, wato abin yana raguwa gwargwadon yawansa, kamar sandar da ke zubar da zafi ta gefenta zuwa iska, sai ka sa u = e^(−λt) w. Ka ware raguwar gefe guda, w ya bi ikweshan ɗin zafi.

Akwai dabara ɗaya da ke kashe su biyun lokaci guda, ita ce na fi so ɗalibi ya riƙe. A ce an ba ka

u_t = u_xx + 4u_x − 5u.

Ka ce u = e^(αx + βt) w, α da β ba ka san su ba tukuna. Ka lissafa u_t, u_x da u_xx, ka zuba, ka raba ko'ina da e ɗin. Za ka ga

w_t = w_xx + (2α + 4) w_x + (α² + 4α − 5 − β) w.

Yanzu wuƙa da nama suna hannunka. Kana son baka na farko ya zama sifili, don haka α = −2. Na biyu ma haka, don haka β = 4 − 8 − 5 = −9. Ke nan u = e^(−2x − 9t) w, kuma w_t = w_xx. Ba sai ka haddace komai ba. Lambobi biyu ne a hannunka, abubuwa biyu kake son kashewa.

A ina aka fi faɗuwa a wannan aiki?

A sharuɗɗa. Ikweshan ba ya tafiya shi kaɗai, yana tare da sharaɗin farawa da sharuɗɗan iyaka, kuma duk inda ka kai shi sai ka kai su. A misalin da ya gabata, idan u ya fara da f(x), to w zai fara da e^(2x) f(x). Wannan yawancin ɗalibai suna tunawa. Na iyaka ne ake mancewa.

Ni kaina na taɓa cin wannan tuwon a gaban aji. Sharaɗin shi ne u_x = 0 a x = 0, wato an toshe bakin sandar, zafi ba ya fita. Na rubuta w_x = 0 ba tare da na tsaya ba, na ci gaba na cika allo biyu da cos. Sai wata ɗaliba a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, gafarta, da na mayar da amsar cikin sharaɗin farko ba ta ba ni sifili ba." Na duba, gaskiyarta. Tunda u_x = e^(αx + βt)(w_x + αw), sharaɗin da ya dace shi ne w_x − 2w = 0. Wani irin sharaɗi ne dabam, kuma cos kaɗai ba ya cika shi. Na goge allon da hannun riga, muka sake daga farko.

Dabarar kwalekwale ma tana da nata tarkon. Idan akwai bango a x = 0, a sabon ma'auni bangon yana ξ = −ct, wato ya fara tafiya. Ka sauƙaƙa ikweshan, ka jawo wa kanka iyaka mai gudu. Don haka idan fagen yana da iyaka, bi ta e^(αx + βt), da α = c/2k da β = −c²/4k. Kwalekwale na kogin da ba shi da ƙarshe ne.

Bakin sandar ɗaya yana kan digiri 100, ɗayan yana kan 30. Tarin sin yana son sifili a duka biyun.

Cire miƙaƙƙen layin da ya haɗa su. Ka sa u = w + 100 − 70x/L. Layin ba shi da lanƙwasa kuma ba ya sauyawa da lokaci, saboda haka w yana bin ikweshan ɗin zafi, da sifili a kowane baki. Layin nan shi ne inda sandar za ta tsaya a ƙarshe, w kuma shi ne ragowar da ke mutuwa a hankali.

An ce ikweshan ɗin Black da Scholes na kasuwar hannun jari ikweshan ɗin zafi ne ya sa babbar riga. Da gaske ne?

Da gaske ne. Fischer Black da Myron Scholes sun buga aikinsu a 1973, shekarar da aka buɗe kasuwar cinikin yarjejeniyar zaɓi a Shikago. Yarjejeniyar zaɓi ita ce ka biya wani abu yau don ka samu damar sayen hannun jari a kan farashi K ranar T, idan ka ga dama. Tambayar ita ce nawa damar ta cancanta. Scholes da Robert Merton sun karɓi kyautar Nobel a 1997, Black kuwa ya riga ya rasu a 1995. Malaman fiƙihu da dama ba su halatta irin wannan ciniki ba, kuma akwai kuɗin ruwa a cikin lissafin. Wannan magana ce ta wani zaure, mu nan siffar ikweshan ɗin muke dubawa:

V_t + ½σ²S² V_SS + rS V_S − rV = 0.

V darajar yarjejeniyar ce, S farashin hannun jari, σ yawan tangal-tangal ɗinsa, r kuɗin ruwa. Abin da ke tsorata mutum shi ne S² da S da suka manne a gaban V_SS da V_S. Dalilin zuwansu shi ne farashi da kashi cikin ɗari yake motsi. Ƙarin naira 100 a kan mudun naira 1,000 magana ce, a kan buhun naira 100,000 kuwa ko a jikin mai saye. Ma'aunin da ya dace da irin wannan motsi shi ne logaridim. Ka sa x = ln(S/K), sai S V_S ya zama V_x, S² V_SS ya zama V_xx − V_x. Duk S sun tafi. Sannan ka sa τ = σ²(T − t)/2 da V = Kv, ka samu

v_τ = v_xx + (q − 1) v_x − q v, inda q = 2r/σ².

Ka gane shi? Ɗan'uwan wanda muka yi ɗazu ne. Dabarar nan dai ta e^(αx + βτ) za ta ba ka α = −(q − 1)/2 da β = −(q + 1)²/4. Idan r = 0.05, σ = 0.2, to q = 2.5, α = −0.75, β = −3.0625. Shahararriyar amsar da 'yan kasuwa ke amfani da ita, amsar Fourier ce ta sanda mara iyaka aka dawo da ita ta hanyar da aka bi. Ba abin mamaki ba ne sosai, don tun 1900 Louis Bachelier ya ga alaƙar farashi da bazuwar zafi a Faris.

Amma an juya lokaci a can. Ba an ce ba a mayar da ikweshan ɗin zafi baya ba?

Ba a mayarwa. Idan ka tarar da shayi ya huce, ba za ka iya faɗin ta wane gefen kofi aka zuba ruwan zafin ba. Bazuwa tana goge bayani, kuma ƙoƙarin komawa baya yana kumbura ɗan ƙaramin kuskure ya zama dutse. Sai dai duba alamomin ikweshan ɗin Black da Scholes: V_t da V_SS suna gefe ɗaya da alama iri ɗaya, kuma abin da aka sani shi ne darajar yarjejeniyar a ranar ƙarshe. Juyi biyu ke nan, suka gyara juna. τ yana ƙirga lokacin da ya rage, yana farawa daga sifili a ranar T, kuma ta wannan fuskar gaba ake tafiya.

Duk waɗannan miƙaƙƙu ne. Akwai murɗaɗɗen ikweshan, wanda u ke ninka kansa, da yake komawa na zafi?

Akwai, kuma shi ne mafi daɗin labarin. Ikweshan ɗin Burgers:

u_t + u u_x = ν u_xx.

Harry Bateman ya rubuta shi a 1915, sannan J. M. Burgers, mutumin Holan, ya yi ta nazarinsa a matsayin ƙaramin samfurin hargitsin ruwa, har sunansa ya bi shi. Nan saurin kogin shi ne u ɗin kansa. Inda u ke da yawa yana gudu ya tarar da inda yake kaɗan, kamar motocin da suka taho a guje suka iske jerin gwanon tireloli. Gaban yana tsukewa ya zama kamar bango, ν kuma yana ƙoƙarin lallashinsa ya baje. Ba a haɗa amsoshi biyu a sami ta uku, don haka kayan aikin Fourier ba sa kama shi kai tsaye.

Eberhard Hopf a 1950 da Julian Cole a 1951, kowa da tafiyarsa, suka nuna cewa idan ka sa

u = −2ν φ_x / φ,

to φ_t = ν φ_xx. Ga yadda abin yake faruwa, don kada ya zama kamar siddabaru. Ka fara da u = ψ_x, ka haɗa ikweshan sau ɗaya ta x, ka samu ψ_t + ½ψ_x² = ν ψ_xx. Matsalar yanzu ita ce ψ_x². Ka sa ψ = −2ν ln φ. Idan ka ɗauki gangarar logaridim sau biyu, tana haifar da φ_x²/φ² da kanta. Lambar nan −2ν an zaɓe ta ne daidai don abin da logaridim ya haifa ya cinye wanda ke damun ka. Ƙaya aka sa aka cire ƙaya.

Za ka ce, idan φ ya zama sifili fa? Ba ya zama. Yana farawa ne daga e^(−(1/2ν)∫u₀ dx), inda u₀ shi ne yadda u ya fara, kuma wannan kullum ya fi sifili, kuma a layi mara iyaka ikweshan ɗin zafi ba ya mayar da abin da ya fi sifili ya koma ƙasa.

Kada dai wannan ya sa ka zaci kowane murɗaɗɗe yana da irin wannan ƙofa. Kaɗan ne ƙwarai. Ikweshan ɗin KdV na 1895, wato na Korteweg da de Vries kan igiyar ruwa mara zurfi, sai a 1967 Gardner, Greene, Kruskal da Miura suka samo masa hanya, kuma ta fi wannan nisa. Na Navier da Stokes kuwa, babban ikweshan ɗin motsin ruwa da iska, wanda Burgers ya rage don ya sami nasa, yana cikin matsaloli bakwai da cibiyar lissafi ta Clay ta sa wa ladan dala miliyan ɗaya kowace a shekarar 2000.

Zan iya mayar da ikweshan ɗin kaɗawar tsirkiya, u_tt = c² u_xx, ya zama na zafi?

A'a, ko ka kwana kana sauya haruffa. Ka rubuta manyan ɓangarorin kowane ikweshan a matsayin A u_xx + B u_xt + C u_tt, ka lissafa B² − 4AC. Na tsirkiya ya fi sifili, na zafi sifili ne cif, na Laplace, wato u_xx + u_tt = 0, bai kai sifili ba. Duk sauyin ma'auni na gaskiya da za ka yi, abin da yake yi wa wannan lamba shi ne ya ninka ta da murabba'in wata lamba, kuma murabba'i ba ya juya alama. Dangi uku ne, kowa da gidansa. Kunnenka ma ya san haka: ka taɓa tsirkiyar garaya, motsin yana zuwa ya dawo da siffarsa, zafi kuwa bai taɓa yin amsa-kuwwa ba.

Tsirkiya tana da nata sauƙin. D'Alembert ya nuna a 1747 cewa amsar ita ce F(x − ct) + G(x + ct), wanda kake samu idan ka sa ξ = x − ct da η = x + ct, ikweshan ya koma u_ξη = 0. Masu fiziks suna mayar da na Schrödinger, wanda ke bayyana halin ƙananan ƙwayoyi irin su lantarki (electron), ya zama na zafi ta hanyar sa t = −iτ, amma wannan fita ne daga lambobin gaske, ba irin sauyin da muke magana a kai ba.

Idan k ba tsayayye ba ne fa, ko abin ba sanda ba ne?

Idan da lokaci kaɗai yake sauyawa, sauya agogo: τ = ∫k(t) dt, shi ke nan. Idan da wuri yake sauyawa, y = ∫dx/√k zai gyara gaban u_xx, amma yakan bar wani saura a gaban u wanda galibi ba ya goguwa. Idan da zafin kansa yake sauyawa, akwai dabarar Kirchhoff, wadda ke aiki tsaf idan zafin ya riga ya daidaita ya daina sauyawa.

Na dunƙulallen abu ya fi ban sha'awa. A cikin ƙwallo, idan zafin ya dogara da nisa daga cibiya kaɗai, wato r, u_t = k(u_rr + (2/r)u_r). Ka sa w = ru, sai w_t = k w_rr, da w = 0 a cibiya. Dawon fura ya zama sanda. Ka gwada haka a kan abu mai siffar rake, inda 1/r yake a maimakon 2/r, ba zai yi ba, sai ka nemi wasu zane-zane na musamman da ake kira na Bessel.

Akwai inda PDE ɗin ke rushewa gaba ɗaya ya zama ikweshan mai harafi ɗaya?

Akwai, idan matsalar ba ta da wani tsawo nata na kanta. Ka ɗora zafi farat ɗaya a fuskar ƙasa mai zurfi. Babu L a ko'ina, don haka x da t ba su da yadda za su bayyana sai a haɗe, η = x/(2√(kt)). Boltzmann ya yi amfani da wannan a 1894. Ikweshan ya koma F″ + 2ηF′ = 0, wanda ɗan aji biyu a jami'a zai warware.

Idan kuma zafin fuskar yana hawa da sauka kullum, rana da dare, ka sa u = e^(iωt) g(x), ω yana nuna saurin hawa da saukar, shi ma ya rushe. Amsar tana cewa kaɗawar zafin tana raguwa kamar e^(−x/d), tana kuma makara, inda d = √(2k/ω). Idan ka ɗauki k na ƙasa a matsayin 5 × 10⁻⁷, d na kwana ɗaya kusan santimita 12 ne. A zurfin πd, wato wajen santimita 37, zafin ya makara da awa 12 cur, kuma abin da ya rage na kaɗawarsa kashi 4 ne cikin ɗari. Wanda ya taɓa shiga soron ƙasa mai kaurin bango da azahar a watan Afrilu ya ji wannan lissafin a fatarsa: sanyin daren jiya ne yake isowa ciki a lokacin. Na shekara kuwa d yana ninkuwa da √365, kusan sau 19, ya haura mita 2.

Tunda akwai kwamfuta, me zai sa in wahala da duk wannan?

Kwamfutar ma ta fi son ikweshan ɗin zafi. A na Black da Scholes misali, idan ka yanka x daidai wa daida a ma'aunin logaridim, lambobin da ke gaban kowane ɓangare ba sa sauyawa daga layi zuwa layi, kuma ka san dokar da za ka kiyaye: a hanya mafi sauƙi, kΔt/Δx² kada ya wuce ½, in ba haka ba lambobin su haukace. Hanyar Crank da Nicolson ta 1947 ta ɗauke maka wannan takunkumi. Sannan amsar Cole da Hopf ita ce ma'aunin da masu rubuta manhajar lissafin ruwa ke gwada aikinsu da shi, don tana cikin 'yan wuraren da aka san amsar gaskiya ta murɗaɗɗen ikweshan.

Sai dai a nan ma a yi hattara. Idan ν ƙarami ne, 1/2ν ƙato ne. Da ν = 0.001, idan ∫u₀ dx ya kai −1, kana neman e^500, wajen 10²¹⁷. Kwamfuta tana iya riƙe wannan, don iyakarta a lissafin da aka saba kusan 10³⁰⁸ ce. Ka rage ν zuwa 0.0001, ka nemi e^5000, sai ta miƙo maka Inf, wato mara iyaka, a sama da Inf a ƙasa, ta raba su ta rubuta NaN, wato ba lamba ba ce. Maganin shi ne ka nemo mafi girman lambar da ke saman e, ka cire ta daga dukkansu kafin ka ɗaga, tunda a φ_x/φ za ta fita da kanta.